Asirin Da Ba A Yanka Wa Tara Ba

Kwana uku ke nan Malam Iliyasu bai kira Rahmatu ta karanta masa littafi ba.

Ga wanda bai san gidan ba, wannan ba wani abu ba ne. Amma tun da idon Malam ya fara rauni shekara huɗu da suka wuce, kullum bayan azahar ita ce take zama a bakin buzunsa, ta buɗe inda suka tsaya jiya, tana karantawa yana gyara mata wasali. Ko lokacin da take jami'a, duk Juma'a sai ta hawo mota daga Rijiyar Zaki don kada karatun ya yanke. Yanzu kuwa sai ya wuce ta a tsakar gida kamar ya wuce turmi.

Duk a kan wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba.

Gwaggo Zulaihatu, yayar Malam, wadda ta riƙe Rahmatu tun rasuwar mahaifiyarta, ita ta tsince ta ranar Litinin tana cire rigar matashi za ta wanke. An ninke takardar gida huɗu, 'yar ƙarama kamar laya. Gwaggo ba ta karanta boko, amma ba sai da boko gabanta ya faɗi ba. Ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba ta kai wa ƙaninta zaure, shi kuma ya kira Hadi, wan Rahmatu, ya ce ya karanta.

Hadi ya buɗe ta ya karanta.

"Rahmatu. Asirin Mallaka. Wadda ka ambaci sunanta sau uku za ta bi ka duk inda ka sa ƙafa, ba ta ganin kowa sai kai, ba ta jin maganar kowa sai taka. Tara..."

Daga nan babu komai sai layi da aka ja.

"Rubutun waye?" in ji Malam.

"Baba, wasa ne fa..."

"Ban tambaye ka ko wasa ne ba. Rubutun waye?"

Hadi ya sunkuyar da kai. "Na Kamilu ne."

Kamilu kuwa shi ne wanda Malam ya yarda magabatansa su zo neman auren Rahmatu ranar Juma'ar wannan makon. Kafin la'asar saƙo ya isa gidansu cewa su dakata, kada kowa ya tako.

Gaskiyar Hadi ce, wasa ne. Sai dai irin wasan da ba ya bayyanuwa cikin numfashi ɗaya a gaban uba mai fushi, don haka bari ni in bayyana shi a tsanake.

A shekarar da jami'o'i suka shiga dogon yajin aiki, samarin ƙauyensu Rinji, da ke bayan Tofa, suka tattaro jakunkunansu suka dawo gida. Taki ya yi tsada, hatsi ya yi tsada, man gas ya yi tsadar da har injin niƙan mahaifin Sabo, abokin Hadi, ya yi shiru, shagon ya zama wurin kwanan ƙadangaru. Da safe a tafi gona, da yamma a zauna a yi zugum ana kallon juna.

Kamilu, ɗan manomin shinkafa a Watari, ya taɓa ganin wasu ɗalibai suna wani wasan ba da labari a makaranta, sai ya ƙago nasa ya sa masa suna Fatake. Shi ne madugu, shi yake ba da labarin hanya da dajin da za a keta da dodon da ke tsare da rijiya. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin ayarin, Hadi maharbi, Sabo attajiri, wani maƙeri, wani wanzami. In mutum zai yi abu mai haɗari sai ya watsa 'ya'yan tsamiya shida da aka kankare wa gefe ɗaya, yawan farin da ya fito shi zai nuna ko ya dace. Ba kuɗi a ciki, ba cin amana, sai ihu da musu.

Kuma kowane ɗan ayari yana da asirai na ƙarya da aka rubuta a 'yan takardu, waɗanda zai jefa in ya shiga uku.

A makon farko wasan ya kusa mutuwa. Asiran Kamilu sun yi ƙarfi da yawa. Dodon da ya kwana uku yana shirya labarinsa, Hadi ya kashe shi da jifa ɗaya, kowa ya karkaɗe riga ya tafi gida tun rana na sama.

Rahmatu tana tankaɗe ta ji yayanta yana mita. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ai laifin madugunku ne. Wa yake ba da abu kyauta a wannan zamanin? Ku yanka wa kowane asiri tara."

Daga ranar tsarin ya kafu. Duk wanda ya ƙago sabon asiri, Kamilu ya rubuta shi da hannunsa, ya sa sunan Rahmatu a sama don a san inda za ta, ya ja layi a ƙasa, Hadi ya kai mata. Ita kuma ta cike layin. Dokarta guda uku ce. In tara ta yi sauƙi, mutum ɗaya zai cinye wasan. In ta yi nauyi, ba mai taɓa asirin. In kuma babu dariya a cikinta, za a tashi da gaba.

Wata bakwai takardu suna kai da kawowa. Ni dai ban san ranar da aka fara ƙara wasu 'yan kalmomi ƙanana a gefen takarda ba, kuma ko su biyun ka tambaya kowa zai ce ɗayan ne ya fara.

Sabo shi ma yana son Rahmatu, kuma mutum ne da ba ya son a ci shi ko da a wasa. Ranar da ya ji an sa wa magabatan Kamilu rana, ya zo shagon injin inda suke wasan ya faɗi sabon asirinsa yana kallon madugu ido cikin ido. Shagon na ubansa ne, ba dama a ce masa a'a kai tsaye. Kamilu ya rubuta, ya aika yadda aka saba.

Wannan ita ce takardar da Gwaggo ta tsinta.

* * *

Ranar Alhamis da safe Gwaggo ta shigo ɗakin Rahmatu da kasko a hannu, hayaƙin habbatus sauda yana tashi.

"Matso ki shaƙa."

"Gwaggo, lafiyata ƙalau."

"Haka duk wanda aka yi wa yake cewa. Matso."

Rahmatu ta matso ta shaƙa har ta yi tari. Idonta dama a kumbure yake, hayaƙin bai ƙara masa komai ba.

"Wallahi Gwaggo babu abin da Kamilu ya yi min," ta ce. "Ni nake son sa, da hankalina, da idona biyu."

Gwaggo ta ajiye kaskon ta yi salati tana tafa hannu a hankali.

"Kin ji ko? Yarinyar da ko sunan namiji ba ta iya faɗa a gabana, yau ita ce take dubana tana ce min tana so. In ba asiri ba, mene ne wannan?"

Nan Rahmatu ta gane irin ramin da ta faɗa. In ta yi shiru, an ce ta yarda. In ta kare shi, an ce abin ne yake aiki. In ta yi kuka, an ce ga shi nan yana cin ta. Duk kalmar gaskiya da za ta fito daga bakinta, shaida ce a kan Kamilu. Sai ta ji wani irin tsoro da ba ta taɓa ji ba, tsoron a daina yarda cewa zuciyarta tata ce.

Gwaggo ta zauna a bakin gado ta jawo kanta ta ɗora a cinya, yadda take yi mata tun tana 'yar shekara shida.

"Jiya Sabo ya zo gai da Malam, da buhun masara a bayan babur. Yaro mai kunya. Ba wanda zai yi miki dole, kin san ubanki ba ya haka, ni ma ba na so. Amma ki dubi gidan nan, 'yar nan. Rabonmu da ɗora tukunya sau biyu a rana tun azumi. Na tsufa. So nake in rufe ido na san kina inda za ki ƙoshi."

Hawayen Gwaggo ya ɗigo a kumatun Rahmatu ya haɗu da nata. Da mugunta ce ke magana, da ta san yadda za ta amsa. To, ƙauna ce, kuma ita ba ta da bakin yi wa ƙauna rashin kunya.

"Gwaggo, Baba ya tambayi Sabo zancen takardar?"

"Ya tambaye shi mana, ai tare suke zama."

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi shi dai bai san abin da ke zuciyar mutane ba."

Rahmatu ta tashi zaune ta share fuska. 

* * *

Da hantsi Gwaggo ta tafi barkar haihuwa maƙwabta. Hadi ya leƙo ya ce wa Rahmatu ta zagaya bayan gida, shi kuma ya koma gindin kuka ya juya musu baya.

Kamilu yana tsaye a cikin dawa, a ɗaya gefen darni, wandonsa jiƙe da raɓa har gwiwa. Ta 'yan ƙofofin kara take hango shi, rabin fuska, kafaɗa, hannu ɗaya da ya dafa dirka. Kwana uku kacal, amma ya faɗa kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi.

"Sau biyu ina zuwa," ya ce. "Malam ya ce ba zai gan ni ba."

"Na sani."

"Babana da kansa ya sa ni na rantse. Na rantse, ya dube ni ya yi shiru. Jiya a masallaci da na shiga sahu, mutumin da ke gefena ya matsa, ya bar fili tsakaninmu. Ni da na yi allo a zauren Malam, Rahmatu. Ni ne yau mai bin bokaye."

 Rahmatu ta cusa yatsunta cikin karan darnin ta riƙe.

"Na zo ne in yi miki sallama," ya ce. "Zan koma Watari in zauna a bukkar gona har abin ya lafa. In ba na gari, bakin mutane zai sauka daga kanki."

"Ya sauka daga kaina ya zauna a kanka har abada?"

"Ni namiji ne, zan iya ɗauka."

"Takardun suna nan," ta ce. "Duka. Suna cikin gwangwanin madara a ƙasan akwatina, ko ɗaya ban yar ba. Zan kai wa Baba."

"A'a." Ya matso har kara ya taɓa goshinsa. "Don Allah kada ki yi. Malam ya ɗauka sau biyu muka taɓa magana, a zaurensa, da izininsa. A gaban mutane yake cewa ba ki taɓa ɓoye masa ko allura ba. In ya ji wata bakwai muna musayar takarda, ga kuma abin da muka rubuta a gefe, me zai rage tsakaninki da shi? Ni ba kowa ba ne, shi ubanki ne."

Ta yi kuka sosai a nan, mai sauti, har Hadi ya waiwayo ya sake juya baya. Domin gaskiya Kamilu ya faɗa. Zaman nan na bayan azahar shi ne abu mafi daraja da ta mallaka a duniya, kuma ta san abin da take shirin yi zai iya raba ta da shi.

Da kukan ya lafa ta ce, "Kamilu, kai ne madugu, amma wa yake yanka tara?"

"Ke ce."

"A dokarmu, wa yake biya?"

A hankali ya ce, "Wanda ya ci amfanin asirin."

"To wata bakwai ina cin amfanin takardun nan kamar yadda kake ci. Da su na yi dariya a ranakun da muka kwana da kunu. Don me kai kaɗai za ka biya?"

"Rahmatu..."

"Kada ka tafi Watari. Ka zauna a gida yau, ka sa riga mai kyau."

Ta saki darnin ta juya kafin ya samu abin cewa.

* * *

Bayan la'asar Malam yana zaune a zaure shi kaɗai, carbi a hannu, littafin da suka tsaya a kai yana rufe a gefensa. Rahmatu ta yi sallama ta durƙusa, ta ajiye gwangwanin a gaban buzun.

"Mene ne wannan?"

"Sauran ne, Baba. Waccan takardar tana da 'yan'uwa sun fi ɗari. Rabin kowacce rubutun Kamilu ne, rabin nawa ne."

 Malam ya sa hannu a gwangwanin ya ji yawan takardun, ya cire hannun kamar ya taɓa garwashi.

"Hadi," ya kira. "Je ka kirawo min Kamilu. Ka biya ka taho da Sabo."

Da suka hallara, Kamilu ya raɓe a bakin ƙofa, Sabo ya zauna kusa da Malam da hularsa sabuwa. Ta ƙofar cikin gida kuwa ana ganin gefen zanen Gwaggo, wai tana tsintar wake. Hadi ya yi bayanin wasan tun daga madugu har 'ya'yan tsamiya, yau ba wanda ya katse shi.

"Karanta," in ji Malam, ya tura gwangwanin gaban Hadi. Bai dubi inda Rahmatu take ba.

Hadi ya zaro ɗaya.

"Asirin Ɓacewa. Ka ɓace, ba ɗan Adam ɗin da zai gan ka. Tara, duk akuyar da ke garin tana ganin ka, kuma za ta biyo ka tana kuka."

Gemun Malam ya ɗan motsa. Ya yi gyaran murya.

"Wata."

"Asirin Tashi Sama. Ka tashi kamar shaho. Tara, takalmanka da hularka ba su san da zancen ba, suna nan ƙasa a hannun wanda ya biyo ka."

"Wata."

"Asirin Jin Maganar Dabbobi. Tara, jakinka ne zai fara magana, kuma ya daɗe yana tara abin da zai gaya maka."

Wannan karon Malam bai iya riƙewa ba. Dariya ta kuɓuce masa ta hanci, ya rufe baki da gefen rawani yana istigfari, kafaɗunsa suna rawa. Ta bayan ƙofa ma aka ji wake ya zube a ƙasa.

"Asirin Cika Tukunya," Hadi ya ci gaba, ya ɗan samu ƙarfin gwiwa. "Tukunyarka ta cika da tuwo ba tare da ka hura wuta ba. Tara, duk dangin da rabonka da su shekara goma sai sun jiyo ƙanshi sun yi sallama."

A nan dariyar ta tsaya. Kowa a zauren ya san tukunyar gidansa. Malam ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda ya ji fatawa ta yi daidai.

Hadi ya zaro wata, ya buɗe baki, ya rufe, ya yi saurin mayar da ita.

"Me ka tsallake?" in ji Malam. Idonsa ne ya yi rauni, kunnensa lafiya lau.

"Wani ɗan rubutu ne a gefe, Baba."

"Karanta."

Hadi ya sake zaro ta. "Yau na hango ki kin fito ɗiban ruwa, sai na manta inda na bar ayarina."

Kamilu ya so ƙasa ta tsage ya shige. Rahmatu ta cusa fuska cikin hijabi.

Malam ya juyo gare ta a karon farko cikin kwana uku.

"Wata nawa?"

"Bakwai, Baba."

"Ina gaya wa mutane ke ce idona," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Da a bakin rijiya kika tsaya da shi, da wani ya gani ya gaya min. Sai kika zaɓi ki ɓoye min abu a rubuce, inda kika fi kowa sanin ba na gani."

Da mari ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Ta kifa kai a ƙasa tana kuka. "Na yi laifi, Baba. Ba ni da abin cewa. Amma shi bai yi abin da ake faɗa ba, kuma ba zan iya barin sa ya ɗauki nasa ya haɗa da nawa ba."

Malam ya zaro takardar Litinin daga aljihu ya ɗaga ta.

"Wannan fa, wa ya ƙago ta?"

 Kamilu bai ɗago ba. Hadi ne ya ce, "Sabo ne, Baba."

"Ai wasa ne, Malam," in ji Sabo da sauri, yana murmushin da bai zauna ba.

"Jiya da na tambaye ka, ba ka ce min wasa ne ba." Malam bai ɗaga murya ba. "To tunda kai ka ƙago shi, wace tara ta dace da shi?"

Sabo ya gyara hula. "Ni gaskiya ban ga dalilin tara ba, Malam. Wanda Allah ya ba hali ya samu abin da yake so, ai ya samu ke nan. Me kuma za a cire masa?"

"Kai fa, madugu?"

"Na rasa, Malam," in ji Kamilu. "Abin da na sani kawai, in aka bar shi haka wasan ya mutu. Wanda aka yi wa ba shi da sauran abin yi a wurin, ba zai zaɓi komai ba, ba zai watsa tsamiya ba, sai dai ya zauna ana juya shi. Shi ya sa na aika mata, na san ita ba za ta bar shi ya wuce haka ba."

"Ke kuma me ya kai shi cikin matashinki?"

Rahmatu ta ɗago. "Kwana biyar ina nema masa tara mai ban dariya, Baba. Na rasa. Duk wadda na samo sai in ji ba ta kai nauyinsa ba."

"Yanzu kin samu?"

Ta dubi gefen zanen Gwaggo a bakin ƙofa, ta dubi buhun masaran da ke jingine a kusurwar zaure ba a kwance shi ba.

"Na samu. Sai dai ba ta da dariya."

"Ba ta biro, Hadi."

Ta ɗora takardar a gwiwa ta cike layin. Hadi ya miƙo hannu zai karɓa ya karanta.

"Bar ta," in ji Malam. "Ita za ta karanta min."

Sai da ta haɗiye kukan da wannan maganar ta taso mata, sannan ta karanta.

"Tara. Zai same ta, za ta bi shi, za ta yi masa duk abin da ya ce. Amma har ya koma ga Allah ba zai taɓa jin dariyarta ba."

 Daga bayan ƙofa aka ji Gwaggo ta ja hanci, ta sake ja, sannan aka ji takunta tana shigewa ciki. Sabo ya miƙe ya ce yana da uzuri a Tofa. Malam ya ce Allah ya kiyaye hanya, kuma ya sa Hadi ya ɗora masa buhunsa a babur, ya ce a gaya wa mahaifinsa an gode.

Da ƙarar babur ɗin ta yi nisa, Malam ya karɓi takardar ya mayar da ita aljihu.

"Kamilu, na zarge ka da abin da ba ka yi ba, kuma ban saurare ka ba. Ka yafe min. Gobe bayan Juma'a zan faɗa da bakina a masallaci, yadda wanda ya matsa daga gefenka zai ji."

Hawaye ya zubo wa Kamilu.

"Wannan ɗayar zan ƙona ta. Sauran ku ci gaba da wasanku, amma ku sake musu suna, sihiri ba abin wasa ba ne ko da a baki." Ya ɗan tsaya. "Sai dai na ji dokarku, kuma ta yi min. Ba a cin amfani a tafi haka nan."

Rahmatu ta ɗago ta dube shi.

"Magabatanka ba za su zo gobe ba. Su bari sai an yanke dawa an kai rumbu. Daga yau har ranar, ba takarda, ba saƙo, ba tsayuwa a bayan darni, kada ku ɗauka ban ji ba. Wata uku ke nan." Ya juya wajen 'yarsa. "Wata bakwai kika ɓoye min, bakwai ya kamata in yanka miki. Na rage huɗu saboda jakin nan."

Rahmatu ba ta san lokacin da abin ya kuɓuce mata ba. Dariya ce ta fito ta tsakiyar kukan, ta sa hannu ta toshe baki amma ta ƙi tsayawa, hawaye na zuba tana yi, har Hadi ya kama shi ma.

Malam ya riga ya miƙe zai shiga gida ya sake alwala. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a jikin bango, ya karkata kai yana saurare. Bai shiga ba har sai da ta gama.

"Gobe bayan azahar ki zo mu buɗe littafin," ya ce mata. Sannan ba tare da ya waiwayo ba ya ce, "Kamilu, ka ji dariyar nan?"

"Na ji, Malam."

"To ka riƙe ta da kyau. Ita za ta kai ka har a yanke dawa."